Tsakanin Magariba Da Isha



Wannan makon zan ɗan kauce daga maganar jigo da salo da muka saba, in ja ku zuwa kicin. Batuna a kan wake ne, da kuma kalmar nan "sauri" da masu koyar da girki suke yawan liƙa wa abinci. Shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan ni nake dafa abincin daren gidanmu, kuma abin da tukunya ta koya mini a wannan ɗan lokaci shi ne, duk abincin da aka ce maka yana dahuwa cikin minti 25, to akwai wanda ya riga ya biya ragowar lokacin. Ko dai ya biya jiya da dare, ko ya biya a wata masana'anta a wata ƙasa, ko kuma wata uwa ce ta biya shi tun da hantsi ba tare da kowa ya lura ba.

Mu uku ne a gida: ni da Inna da ƙanena mai shekara 13. Mahaifinmu ya rasu tun ina sakandare. Yayyena mata biyu duk suna ɗakunansu, ɗaya a Zariya, ɗaya a nan Kano amma a wata unguwa da sai ka hau adaidaita biyu kafin ka isa. Inna ta daɗe tana fama da hawan jini, daga baya ciwon suga ya biyo baya, wata safiya kuma hannunta na dama ya ƙi ɗaguwa. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, sai dai Allah Ya taƙaita, ƙafa da baki ba su taɓu sosai ba. Aka sallame mu da ledar magunguna da sharuɗɗa. A rage gishiri, a rage tuwo da farar shinkafa, a yawaita wake da ganye. Sharaɗi na ƙarshe shi ne ya zama nawa: kada abincin dare ya wuce lokacinsa, domin mai shan irin maganin sugan da aka rubuta mata idan ya yi jinkirin cin abinci, sukarin jikinsa na iya yin ƙasa har jiri ya kwashe shi.

Babbar yayata ta zo ta yi wata guda, amma tana da yara uku da miji, dole ta koma. Abincin rana wata 'yar uwar mahaifinmu da ke kusa ta ɗauke mana, Allah Ya saka mata. Na dare kuwa babu wanda zai faɗo wa sai ni. Ina aiki a wani shagon buga takardu da ɗab'i tun da na gama difloma, muna rufewa ƙarfe biyar da rabi, kuma duk wanda ya san cunkoson Kano da yamma ya san ba na isa gida sai an kusa kiran sallah. Abin da nake da shi ke nan: ɗan tsakanin da ke akwai daga idar da magariba zuwa kiran isha. A ciki zan hura wuta, in dafa, in zuba, Inna ta ci, ta sha magani.

Ana cikin haka muka yi waya da ɗan kawuna da yake karatu a Ingila. Tare muka taso, don haka babu ɓoye-ɓoye, na faɗa masa halin da nake ciki. Ya yi dariya ya ce, "Haba ɗan uwa, wake ne zai ba ka wahala? Ni nan kafin shayina ya huce na gama dafa shi." Ya kwatanta mini abincin da ya ce shi ne ke riƙe da ɗalibai da ma'aikatan can a daren da aka dawo a gajiye. Suna kiran sa kasarol na sosej da wake.

Bari in tsaya a kan sunayen nan biyu, tunda mu masu hulɗa da kalma ne. Sosej nama ne da aka niƙa, aka cuɗa da kitse da gishiri da kayan yaji, aka ɗura a cikin hanji ko wata fata mai kama da shi, aka ɗaɗɗaure shi gaɓa-gaɓa. Na Turawan Ingila yawanci da naman alade ake yi, kuma sukan haɗa da garin busasshen burodi. Shi ɗan kawuna a wajen mahautan Musulmi yake saye, inda ake yi da naman sa ko na rago ko na kaza. Kasarol kuwa kalmar Faransanci ce, asalinta sunan tukunya ne, daga baya sunan ya koma kan abincin da aka dafa a cikinta gaba ɗaya, nama da romo da komai a wuri guda.

Yadda suke yi babu wuya. A soya sosej a ɗan mai har ya yi ja ta kowane ɓangare, a kwashe a ajiye. A cikin wannan man a soya albasa da tafarnuwa, a zuba garin jan tattasai. A buɗe gwangwanin tumatir a juye, a buɗe gwangwanin farin wake a tsiyaye ruwan a juye, a mayar da naman, a rufe, a bar shi ya ɗan tafasa kamar minti 15. A ci da burodi ko dankalin Turawa da aka murƙushe. Shi ke nan.

Da muka ajiye waya na daɗe ina juya maganar, domin na san wake, na san ba ya jin magana cikin minti 15. Amsar tana cikin kalmar da ya maimaita sau biyu, wato gwangwani. A kudancin Faransa akwai wani tsohon abinci mai kama da wannan da ake kira kasule, wanda garuruwan Kastelnodari da Tulus suka shahara da shi. Shi ma farin wake ne da sosej da naman agwagwa, a tukunyar ƙasa. Amma shi sai an jiƙa waken ya kwana, sannan a dafa shi sa'o'i masu yawa a wuta marar ƙarfi. Abin da ya raba kasule na yini guda da kasarol na minti 25 shi ne wani ya karɓi aikin jiƙawa da dafawa ya yi shi tun kafin waken ya shigo gidanka.

Wannan dabara tana da tarihi. Wani Bafaranshe mai suna Nicolas Appert ne ya gano cewa idan aka zuba abinci a kwalba, aka toshe ta sosai, aka tafasa, abincin zai daɗe bai lalace ba, kuma ya wallafa hanyar tasa a 1810. A wannan shekarar ce Peter Durand ya yi rajistar amfani da gwangwanin ƙarfe a Ingila, kuma zuwa 1813 an buɗe masana'antar abincin gwangwani a Landan. Abin dariya, sai da aka yi shekaru fiye da 40 kafin a ƙirƙiro mabuɗin gwangwani. Kafin nan da guduma da kurfi ake fasa shi. A yau kamfanin Heinz yana da katafariyar masana'anta kusa da garin Wigan a arewacin Ingila. Busasshen waken da take amfani da shi daga Arewacin Amurka ake kawo mafi yawansa a jirgin ruwa, a jiƙa shi, a zuba a gwangwani tare da miyarsa, a rufe, sannan a dafa shi a cikin gwangwanin da tururi mai tsananin zafi. Ke nan kafin ɗan kawuna ya kunna murhunsa, manomi da matuƙin jirgi da ma'aikatan masana'anta duk sun riga sun shiga kicin ɗinsa sun fita.

To me zai hana in je babban kanti in sayo gwangwanayen nan in huta? Ana sayar da su a Kano, har da sosej na naman sa da na kaza. Dalili biyu ne suka hana ni. Na farko aljihu: kuɗin gwangwani biyu da ledar sosej ɗaya zai saya mana waken kwanaki. Na biyu kuma, wanda ya fi girma, jikin Inna. Waken gwangwanin da aka fi samu a nan mai miyar tumatir ne, kuma akwai sukari da gishiri a cikin miyar, ka duba bayan gwangwanin za ka gani a rubuce. Sosej kuwa gishiri ne ginshiƙinsa, da shi ake adana shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma a lissafin har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙulen magi da burodi. A 2015 kuma cibiyar binciken kansa ta wannan hukumar ta sanya naman da aka sarrafa irin su sosej a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta hanji, ga mai yawan cin su. Hausawa sun ce abincin wani gubar wani. Abin da ke riƙe da ɗalibi mai shekara 26 a cikin sanyin Ingila ba zan ɗora wa tsohuwa mai hawan jini ba.

Sannan waken ma ba iri ɗaya ba ne. Farin waken da Turawa ke sa wa a gwangwani asalinsa nahiyar Amurka ne. Namu na nan ɗan Afirka ne, a nan aka fara noma shi dubban shekaru da suka wuce, kuma har yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noma shi, Nijar na biye mata. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau da ke hanyar Katsina ya ga buhunansa jibge kamar duwatsu, ana loda wa manyan motoci zuwa Kudu da ƙasashen maƙwabta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wakenmu furotin ne, abin da ke gina jiki, shi ya sa ake ce masa naman talaka, ko da yake a 2024 farashinsa ya ninka fiye da sau biyu har talakan ya fara gaishe shi daga nesa. Wani alherinsa kuma, fatarsa ba ta da kauri, ya fi na Turawa saurin nuna. Sai na ga ashe ba gwangwani nake nema ba. Abin da nake nema shi ne in gano inda Inna take ɓoye lokacinta duk shekarun nan.

Domin tun tasowata ban taɓa ganin abincin dare ya yi latti a gidanmu ba, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Mu dai mukan dawo daga masallaci mu tarar da kwano a rufe. Da na zauna kusa da ita na fara yi mata tambayoyi, sai ta riƙa buɗe mini aikin da idona bai taɓa gani ba. Tsintar wake tun da hantsi take yi, tana sauraron rediyo. Jajjage tana yin sa bayan azahar. Lokacin da tumatir ya yi araha takan saya da kwando, ta yanka, ta shanya a kan rufi ya zama kauɗa. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, garin citta, yajin da aka daka, kifi banda a cikin samira, duk suna jere a kan kanta suna jira. A ranar na gane cewa mu ma muna da namu gwangwanin, sai dai namu rana ce da hayaƙi. Kilishi da dambun nama da banda duk aikin da sosej yake yi wa Bature suke yi mana: nama ne da aka riga aka kashe wa lokaci don ya jira ranar da babu lokaci.

Akwai dabarar sauri guda ɗaya tata da likita ya hana mu, wato kanwa. Kowace mace a ƙasar Hausa ta san ɗan ƙanƙanin ungurnu yana karya taurin wake. Dalilin shi ne kanwa tana narkar da wani abu mai kama da danƙo da ke riƙe da ƙwayoyin cikin waken, sai ya saki jiki da wuri. Amma kanwa 'yar uwar gishiri ce, sinadarin sodiyam da ke tayar da hawan jini yana cikinta, kuma tana rage wani ɓangare na bitamin B da ke cikin abinci. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubuce-rubuce a kan alaƙar yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Don haka kanwa ta fita daga tukunyarmu, aka bar ni da ruwa da lissafi.

Inna ce ta ba ni ƙa'idojin da suka maye gurbinta. Tana zaune a kan tabarma a bakin ƙofar kicin, ta ce, "Babana, wake ba ya son tsami. Ka sa masa tumatir bai nuna ba, to kun kwana tare." Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa ba ta kiran sunana. Maganar tata gaskiya ce, tsami yana ƙara wa wancan danƙon ƙarfi, akasin abin da kanwa take yi. Ta ce in riƙa sayen sabon wake idan da hali, domin wanda ya daɗe a ajiye cikin zafi yakan yi taurin kai, komai wutar da ka ba shi. Ta ce in sansana kafin in biya kuɗi, in na ji warin magani in bar wa mai shi abinsa. Wannan ma ba tsoron banza ba ne: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Yanzu a wajen wani dattijo nake saye, wanda yake ajiye nasa a buhun nan mai ciki uku da masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwaro da rashin iska ba tare da an zuba komai ba.

Da farko firiza na so in mayar masana'antata: in dafa waken mako guda ranar Lahadi, in ƙuƙƙulla a leda, kullum in ciro ɗaya. Dabara ce mai kyau ga wanda wutarsa ba ta yanke wa. A ƙarshen Oktoban 2024 manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, muka yi fiye da mako guda a cikin duhu, duk wanda ya dogara da firiza ya ga abin da ya gani. Tun daga lokacin na tsara girkina yadda ba ya jiran wutar lantarki.

Ga yadda muke yi yanzu, ga wanda zai so ya gwada. Aikin ya kasu uku, kuma kashi ɗaya ne kawai nawa.

Da hantsi Inna takan auna gwangwanin madara uku na wake a faifai ta tsince. Da hannun hagu ta fara, daga baya mai gashin ƙashi ya ce ta riƙa tilasta wa na daman yana ɗaukar ƙwaya ɗaya-ɗaya, motsa jiki ne mai kyau ga yatsu. Ƙanena kafin ya tafi Islamiyya da la'asar sai ya wanke waken sau biyu, ya zuba masa ruwa ya sha kansa, ya rufe. A wannan ruwan na wani kwano daban yake jiƙa kauɗa da busasshen tattasai. Ba ma jiƙawa tun safe, domin a zafin Kano waken da ya yini a ruwa yakan fara tsami da kumfa. Awa biyu zuwa uku ta ishe shi.

Ina idar da magariba sai in kunna gas, in zubar da ruwan jiƙon, in ɗora waken da sabon ruwa da rabin albasa, babu gishiri, babu komai. A ɗaya kan murhun kuma in fara abin da na aro daga Ingila. Ranar da akwai kuɗi nakan biya wajen mahauci a hanya in sayi ɗan jan nama marar kitse a niƙa mini. In cuɗa shi da citta da tafarnuwa da masoro da ɗan kanumfari, in mulmula shi dogo-dogo kamar yatsa. Sosej ɗin gidanmu ke nan, babu hanji, babu gishirin adanawa, tunda ba ajiye shi za a yi ba. In zuba man gyaɗa cokali biyu, in jera su, in bar su su yi ja sosai kafin in juya. Wannan shi ne babban abin da ɗan kawuna ya koya mini. Mu mun saba tafasa nama tukuna sannan a soya. Su kuwa da suya suke farawa, kuma ba sa wanke tukunyar, domin wannan ja-jan da ya kama a gindinta shi ne ɗanɗanon. In kwashe naman, in zuba albasa a wurin, in sa ludayi in kankare gindin tukunyar har albasar ta kwashe shi tas. Sai kauɗa da tattasan da na jajjaga, attaruhu ɗaya, da daddawa mai ɗan yawa. Daddawa ce take rufe gurbin magi, har mutum ya manta an rage gishiri. Ranar da babu kuɗin nama, kifi banda nake ɓarewa in wanke da ruwan zafi, shi kuma ba ya bukatar suya, a cikin miyar yake shiga.

Kafin miyar ta soyu mai ya taso, waken ya yi minti 20 zuwa 25 a wuta. In ɗauki ƙwaya ɗaya in matse da yatsa, in ta murƙushe babu gardama, sai in juye shi da ɗan ragowar ruwansa a cikin miyar, in mayar da naman, in sa ɗan gishirin da bai kai rabin ƙaramin cokali ba ga tukunyar gaba ɗaya. In danna wani ɓangare na waken da bayan ludayi don romon ya yi kauri. Minti biyar, sai in watsa alayyafo ko zogale, in rufe, in kashe wuta, zafin tukunyar ya ƙarasa shi. Daga kunna gas zuwa zubawa minti 35 ne zuwa 40. Inna takan ci nata haka nan da cokali, ni da ƙanena mu haɗa da burodi ko garin kwaki. Wanda ya gani zai ce faten wake ne ya yi tafiya ya dawo da sabuwar riga, kuma ba zan yi masa musu ba.

Ba a rasa masu magana ba. Wani abokina ya zo ya tarar da ni ina yanka albasa, ya ce, "Malam, ka yi aure kawai ka huta da wannan wahala." Wata tsohuwa a layinmu ta ce wa Inna ita ba za ta iya kallon ɗanta namiji a gaban murhu ba. Na kan yi mamakin wannan magana, domin a bakin titinmu kaɗai mai shayi namiji ne, mai tsire namiji ne, mai soya indomi da ƙwai namiji ne, kuma babu wanda ya taɓa cewa sun zubar da girma. Namiji ya dafa don a biya shi, sana'a ce. Ya dafa wa uwar da ta haife shi, sai ya zama abin a tattauna. Shawarar auren kuwa, in ka tona ta, ma'anarta ita ce in nemo wata 'yar mutane ta zo ta riƙa biyan lokacin a ɓoye, ni in koma tarar da kwano a rufe. Aure zan yi in Allah Ya kawo lokacinsa, amma ba don in mayar da 'yar wani gwangwani ba.

Wadda abin ya fi yi wa nauyi ita ce Inna da kanta. Mace ce da ta yi shekara fiye da 30 ba a taɓa ɗora tukunya a gidanta ba da izininta ba. A makonnin farko takan karɓi kwanon ta ce "Allah Ya yi albarka," ta ci kaɗan ta ture, idonta a ƙasa. Abin da ya sauya lamarin shi ne faifan nan na hantsi. Tun da tsintar wake ta koma hannunta, girkin ya zama namu ni da ita. Ta dawo da faɗanta: wutar ta yi yawa, albasar ba ta soyu ba, wa ya ce ka sa zogale tun yanzu. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba.

Yanzu in dawo gare mu marubuta. Ku tuna labaran da muke karantawa da waɗanda muke rubutawa. Sau nawa jaruma take shiga kicin a layi ɗaya ta fito a layi na biyu da kuloli biyar, an jera su a kan tebur, ƙamshi ya cika falo? Mukan lissafo sunayen abincin dalla-dalla, amma ba ma nuna wanda ya tsince, wanda ya jiƙa, wanda ya tsaya a layin gas, ko abin da aka fasa saye don a sayi naman. A wurin nan kuwa rayuwar gidajenmu take. Ana gane wadatar gida ko rashinta daga yawan man da aka zuba a tukunya, ana gane wanda ke mulkin gida daga wanda ake tambaya kafin a sa gishiri. Idan kana neman hanyar nuna cewa uwa ta tsufa, ko miji ya sauya, ko talauci ya shigo, ba sai ka faɗa da baki ba, ka kai mai karatu bakin murhu da yamma ya gani da idonsa. Kuma kafin ka rubuta, ka je ka tambayi mahaifiyarka ko yayarka ƙarfe nawa abincin dare yake farawa. Amsar da za ta ba ka ba za ta zama magariba ba.

Ɗan kawuna har yanzu yana buɗe gwangwanayensa, kuma ina yi masa fatan alheri, domin shi ma dabarar zama yake yi a ƙasar da babu wanda zai tsince masa wake. Na aika masa da daddawa da kauɗa ta hannun wani mai tafiya, ya ce tun da ya fara sa su abokan zamansa suke leƙo kicin suna tambaya. Shi ya ba ni tsarin suya, ni na ba shi daddawa, kowa ya ci riba.

Makon da ya wuce Inna ta ce in miƙo mata ludayi. Ta riƙe shi da hannun dama, ta juya tukunyar sau uku kafin hannun ya gaji, ta miƙo mini ta ce gishirin ya yi daidai. Masu jinya a gida, Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba mu juriyar yi musu hidima. Wanda kuma ya gwada girkin nan, kada ya manta da maganar tumatir.

Wassalam.